Bakin mai kaya ya fi bakin dillali

Kowace shekara, da zarar an ɗaure gero an ɗebe wake a ƙasar Mayahi, tambaya guda ce ke yawo a bakin manoma, daga Attantane har Kanambakashe: nawa tiya take yau? Wanda ke da amsar gaskiya kuwa ba ya cikin kasuwar. Yana zaune a Maraɗi ko a Tasawa, cikin kantinsa, ya riga ya yanke kuɗin da zai sayi buhu, ya raba wa yaransa jari sun bazu cikin ƙauyuka. Manomi bai taɓa ganin fuskarsa ba, sunansa kawai yake ji. Maganar alhajin takan bi baki uku ko huɗu kafin ta iso gindin ma'auni: daga shi zuwa wakilinsa, daga wakili zuwa dillali, daga dillali zuwa mai awo. A kowane baki kuwa sai ta rage nauyi.

A ɗauki misali. Alhaji ya ce a sayo masa wake a kan sefa 750 kowace tiya. Kafin maganar ta kai ƙauye ta koma 600, kuma da sunansa ake faɗi: Alhaji ne ya ce haka. Buhu mai kilo 100 yana cin wajen tiya 40, ke nan jika 6 sun salwanta a kan kowane buhu. Magidancin da ya kai buhu goma ya yi asarar jika 60, kuɗin da za su sai masa taki ko akuyar kiwo. Alhajin bai ci ko dala daga ciki ba, amma shi ake zagi a zaure, shi ake kira azzalumi.

Attantane ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 8 na gundumar Mayahi, a jihar Maraɗi, kuma ba ta da nisa da ƙasar Tasawa. Ƙasar jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwon awaki da tumaki. Gero shi ne cimaka, wake shi ne kuɗi. Nijar ita ce ta biyu a duniya wajen noman wannan wake bayan Najeriya, kuma shekara da shekaru waken wannan yanki ya saba bin hanyar Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya har kasuwar Dawanau ta Kano. Saboda haka abin da aka yanke a nesa, kuɗin canjin naira, buɗe iyaka ko rufe ta, duka suna ƙarewa ne a cikin tiyar mutumin Attantane. Wanda ya riga jin labari shi ke cin riba, wanda ya ji daga baya shi ke biya.

Ba yau aka fara neman maganin wannan matsala ba. Tun 1989 hukuma ta kafa tsarin tattara farashin hatsi a kasuwannin ƙasa, wanda aka sani yanzu da sunan SIMA, ana karanta sakamakon a radiyo. Ya yi amfani, sai dai farashin da ya wuce yake faɗi, ba ya faɗin wanda mai kuɗi ke shirin saye gobe. Sannan wayar salula ta shigo ƙasa a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda layin waya ya kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: bafatake ya daina ɗora kaya a mota ya tafi bisa tsammani, sai ya buga waya tukuna. Amma da ita da abokin aikinta Marcel Fafchamps suka duba kuɗin da ake biyan manomi shi kansa, sai suka tarar bambancin ya ɗan ragu a kan wake, da wajen kashi 6 cikin 100, alhali abin da ke shiga aljihun manomi bai ƙaru ba. Wato waya ta daidaita tsakanin ƴan kasuwa, ba ta daidaita tsakanin ɗan kasuwa da mai gona ba.

Hakan ba abin mamaki ba ne. Maganar waya ganawa ce tsakanin mutum biyu, ba ta da shaida. Wanda ba ya da lambar alhaji ba ya cikinta. A nan ne shafukan gajeren saƙo suka sha bamban.

Ga wanda bai saba da su ba, ga yadda suke. Wani dandali ne a intanet inda mutum ke buɗe shafi da sunansa, ya rubuta magana kaɗan, layi biyu ko uku, kowa ya gani ba sai an ba shi izini ba. Mafi shahara shi ne Twitter, wanda aka kafa a Amurka a 2006. Da farko harafi 140 kawai ake iya rubutawa, a 2017 aka ƙara zuwa 280. Attajirin nan Elon Musk ya saye shi a watan Oktoba na 2022 a kan dalar Amurka biliyan 44, ya sake masa suna zuwa X a watan Yuli na 2023. A wannan watan ne kuma kamfanin da ke da Facebook ya fito da nasa mai suna Threads. Shafin Facebook na fili da tashar WhatsApp ma suna iya yin wannan aiki in an taƙaita magana. Abin da ya haɗa su abu huɗu ne: saƙon gajere ne, a fili yake, yana ɗauke da sunan mai shi, yana kuma ɗauke da rana da sa'ar da aka rubuta shi. Shela ce irin ta bakin kasuwa, sai dai mai shela in ya wuce muryarsa ta tafi, wannan kuwa tana nan gobe da jibi, ana iya nuna wa mai gardama.

To, me shugaban kasuwanci zai samu a ciki? Shugaba a nan ba sai mai masana'anta ba. Babban mai sayen hatsi na Maraɗi shugaba ne, haka mai motocin ɗaukar kaya, da shugaban ƙungiyar ƴan kasuwa, da shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa, da mai kula da bankin cimaka ko ɗakin jinginar amfanin gona.

Abu na farko shi ne farashi ya fito daga bakin mai shi. In alhaji ya rubuta da safe cewa yau yana sayen farin wake tiya kaza, a wuri kaza, biya nan take, to ƙarya ta ƙare wa mai rage magana a hanya. Dillali na gaskiya ba ya asarar komi, ladarsa tana nan, sai ma ta fito fili a san ta. Wanda zai ji ciwo shi ne mai ci biyu, daga sama da ƙasa. Shi kuma alhajin, manoma za su nemi ma'auninsa da ƙafarsu, don sun san abin da za su tarar. An ga irin haka a Najeriya. A ranar 1 ga Oktoba 2023 kamfanin siminti na BUA, na Abdul Samad Rabi'u ɗan Kano, ya ba da sanarwar rage kuɗin buhu zuwa naira 3,500 a bakin masana'anta, labarin ya bazu a waɗannan shafuka cikin sa'o'i kaɗan. Farashin kasuwa bai sauka yadda aka yi fata ba, kuma daga baya shi mai kamfanin ya ɗora laifin a kan dillalai. Sanarwa ba ta tilasta kowa, gaskiya ne. Amma mai saye ya san nawa kaya suka bar hannun mai su, ya kuma san a wane hannu ƙarin ya shiga. Wannan sanin kaɗai ya isa ya sauya yadda ake ciniki.

Abu na biyu shi ne kashe jita-jita ranar da kasuwa ta rikice. Dattawan ƴan kasuwa ba su manta da 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari ba wanda ya san nawa zai sayar da kayansa. Irin wannan rana ta yi ta dawowa cikin ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2023 ta janye tallafin mai a watan Mayu, ta saki naira a watan Yuni, darajarta ta faɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an sake rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A watan Oktoba na 2024 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi waje, har da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina Faso. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, labari ya kai ƙauye rabi gaskiya rabi ƙarya, kuma akwai masu neman riba cikin ruɗani. Sai a ce wa manomi ya yi maza ya sayar, gobe ba mai saye. Layi biyu daga bakin babban mai saye, cewa ma'auninsa a buɗe yake kuma ga farashinsa, ko kuwa ya dakata sai rana kaza, sun isa su hana magidanci zubar da guminsa na shekara a kan tsoro.

Abu na uku shi ne tsare suna. Littafin da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan alhazan Maraɗi ya nuna yadda kasuwancinsu ya ginu a kan amana da yawan mutane, tsakanin ubangida da baransa, ba a kan takarda ba. Suna shi ne jarin farko. Yau kuwa sunan da mai shi bai riƙe ba a intanet, wani zai riƙe masa. A watan Nuwamba na 2022 wani ya buɗe shafi a Twitter da sunan kamfanin magani na Amurka Eli Lilly, ya sayi alamar tabbaci a kan dalar Amurka 8, ya rubuta cewa allurar masu ciwon suga ta zama kyauta. Dubban mutane suka ɗauka, sai da kamfanin ya fito a shafinsa na gaskiya ya ƙaryata. Da ba shi da shafin, da wane baki zai yi magana? Abin da ya sami babban kamfani yana iya samun ɗan kasuwar Tasawa: a sa hotonsa, a ce ana ɗaukar ma'aikata ko ana raba taki bashi, a aiko kuɗin rajista ta wurin masu aika kuɗi. Mai shafi sananne, wanda jama'a suka saba gani, da saƙo ɗaya zai tona asirin ɓarawo.

Abu na huɗu shi ne ji. Babba ba ya jin abin da ke gudana a ƙasa, don masu kawo masa labari su ne masu laifin. Ƙarƙashin saƙo akwai wurin amsa. A nan ne zai ji cewa wakilinsa na ƙauye kaza yana awo da tiya mai zurfi yana kawo masa da ƙarama, ko kuwa kuɗin da ya ce a biya nan take sai an yi kwana goma ana biya. Maganar za ta yi ɗaci, wata ma ƙarya ce, amma gara ya ji ta yana da sauran abokan ciniki. Ta nan kuma mai neman kaya daga nesa zai same shi. Ƙungiyar da ke da buhu ɗari biyu na wake a ajiye cikin buhu mai ninki uku, ba magani ba ƙwari, in ta rubuta haka da hoto, mai saye daga Yamai ko Agadas zai gani ba tare da ya san kowa a garin ba.

Akwai masu cewa wannan zance na ƴan birni ne. Wa zai karanta a Attantane, inda mafi yawan manya ba su yi lakkwal ba, wayar zamani ba ta hannun kowa, layin ma yana zuwa yana ɗaukewa? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce ba sai kowa ya karanta ba. Mutum ɗaya ya isa a gari: malamin makaranta, ma'aikacin gona, mai cajin waya a bakin kasuwa, ko yaron da ya dawo daga ci-rani. Ya ɗauki hoton saƙon ya tura cikin ƙungiyar WhatsApp, wani ya maida shi murya, gidan radiyon karkara ya karanta. Hanyar ma a share take, domin RECA, haɗaɗɗiyar majalisun manoma ta ƙasa, ta yi shekaru tana aika wa manoma shawara da murya cikin Hausa ta WhatsApp. Abin da ya rage shi ne asalin da za a koma a duba. Saƙon murya da ke yawo ba a san wanda ya fara shi ba, ba a san ko na bana ne ko na bara. Rubutu a shafin mai shi yana da uba, yana da ranar haihuwa.

Ma'aikatan gwamnati suna da nasu rabo a nan, kuma suna da nauyi. Su ne masu wayar da iya karatu a karkara, su ne kuma masu sayen geron shekara da kaka daga ɗan albashinsu. Ranar da OPVN ta fito sayen hatsin ajiya daga hannun manoma, ko aka buɗe sayar da cimaka a farashi mai rahusa, faɗin wuri da rana da kuɗi a fili shi ke hana a karkatar da abin jama'a.

Wasu kuma suna cewa sirri shi ne ran kasuwanci, kuma wanda ya nuna kansa ya kira mai haraji. Ba wanda ya ce alhaji ya rubuta yawan jarinsa, ko abin da ke cikin sitonsa, ko ranar da motarsa za ta tashi da kuɗi, balle a wannan zamani na rashin tsaro a kan iyaka. Farashin saye kuwa ba sirri ba ne ga abokan hamayya, su tun da asuba sun ji ta waya. Manomi kaɗai ake ɓoye wa.

Sai dai magana zarar bunu ce, kuma rubutacciya ta fi wuyar mayarwa. A watan Agusta na 2018 Elon Musk ya rubuta gajeren saƙo cewa yana tunanin fitar da kamfanin Tesla daga kasuwar hannun jari, kuma kuɗin yin haka sun samu. Hukumar kula da wannan kasuwa ta Amurka ta kai shi ƙara, ya biya tarar dalar Amurka miliyan 20, kamfanin ma ya biya miliyan 20, ya kuma sauka daga shugabancin majalisar kamfanin. A nan gida, dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024, ta tanadi ɗauri ga mai ɓata suna ko zagi ta waɗannan kafofi. Saboda haka shafin kasuwanci ba wurin habaici ga kishiya ba ne, ba wurin siyasa ba, ba kuma wurin rubutu cikin fushi ba. Wanda ya rubuta farashi kuma ya saɓa, ya fi wanda ya yi shiru asara, domin ya ba da shaida a kan kansa.

Haka nan bai kamata a dogara ga dandali ɗaya ba. Gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter wata bakwai, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A Nijar an katse intanet ta salula wajen kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021. Mai hankali zai rubuta saƙonsa a wuri biyu, ya kuma riƙe radiyo da allon bakin kanti da mai shela, don kada ranar da aka toshe ƙofa ɗaya ya koma bebe.

Yadda za a fara ba shi da wuya. A buɗe shafi da sunan da kasuwa ta san mutum da shi, a rubuta sunan shafin a jikin kanti da mota da takardar ciniki. A yi rubutu da Hausa, a ƙara Faransanci in da bukata. Kowane saƙo ya ƙunshi irin kaya, da ma'auni, tiya ce ko kilo, da kuɗi, da wuri, da ranar da farashin zai daina aiki. A riƙe lokaci guda, misali daren jajibirin kasuwa, har jama'a su saba jira. In farashi ya sauka a faɗa, a faɗi dalili cikin layi ɗaya. Alhajin da bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ko akawunsa, amma a karanta masa kafin a saki, kuma lambar sirrin shafin ta zauna a hannunsa kamar makullin sito.

Iyayen alhazan yau sun gina dukiya da kalma ɗaya da suke faɗa a gaban shaidu, ba su sauya ta ko da kasuwa ta juya. Abokan cinikin yau sun yi yawa, sun yi nisa, zaure ba ya ɗaukarsu. Wanda ya yarda da farashinsa da ma'auninsa ba shi da dalilin barin wani ya yi magana da bakinsa. Kaka mai zuwa, manomin Attantane zai sake ɗora wakensa a amalanke ya nufi kasuwa, kuma haƙƙinsa ne ya san abin da mai saye ya faɗa tun kafin ya kwance bakin buhu. Allah shi ba mai gaskiya sa'a.